Mazan Jiyanmu Ba a Jamus Suka Yi Yaƙi Ba

A ƙauyukan Kano da Jigawa har yau ana cewa kakanninmu da aka ɗiba soja a yaƙin Hitila sun gwabza da Jamusawa ne a Turai, alhali kuwa rundunar sojan ƙasa ta Najeriya ba can aka kai ta ba. A 1941 sojojinmu sun yaƙi Italiyawa a gabashin Afirka, har suka shiga Mogadishu. Daga baya aka tura runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda sojojinmu ke cikinsu, zuwa ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), inda suka fafata da Japanawa cikin daji da ruwan sama a 1944 da 1945, wahalar da ta cancanci a riƙa ambatonta daidai. Sunan barikin Myohaung na Legas daga wannan fagen daga ya samo asali.