Filin Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano: Na Gwamna Ne Ko Na Reluwe?

Duk wanda ya ga yadda rumfuna da shaguna ke matsowa jikin layin dogo a Kano zai yi tsammani filin ba shi da mai shi. Yana da mai shi, kuma doka ta faɗi sunansa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta layin da aka taso da shi daga Baro, aka kafa tashar a waje, bayan ganuwa. Daga nan gyaɗa da fatu suka riƙa gangarawa Legas, a 1930 kuma aka miƙa layi zuwa Nguru. Da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da dokar 1955, tasha da layi da gidajen ma'aikata duk suka koma hannunta. Ita ce muke ce wa Reluwe.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Gaskiya ne ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana. Amma sashe na 49 ya yi togaciya: filin da ke hannun gwamnatin tarayya ko wata hukumarta a lokacin da dokar ta fara aiki, an gina shi ko ba a gina ba, yana nan a hannunsu. Saboda haka gwamna ba zai yanka fuloti a filin Reluwe ba, balle mai unguwa, balle dillali. Ko ciyawa ta rufe layin, ko an shekara ba a ji kukan jirgi ba, mallakar ba ta faɗi ba.

Wasu na cewa ai abin ya canja a 2023. A watan Maris na shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran kundin tsarin mulki da ya ba jihohi damar yin doka kan jirgin ƙasa su shimfiɗa nasu layin. Dama ce ta gina sabo, ba a ce jiha ta gaji tsoho ba.

Mai son rumfa a wurin, haya zai nema daga Reluwe, wadda ke da kamfaninta na kula da kadarori. Kafin ka ba da ko sisi, ka ce a nuna maka takardar da ta fito daga can, ka kuma duba shekara nawa aka rubuta a ciki.