Ma'anar Ombudsman da Abin da Yake Iya Yi Maka

Kwanan nan duk gidan rediyon da ka kama a Kumasi, in dai ana zancen rumfunan kasuwa ko harajin majalisar birni, sai ka ji mai bugo waya ya ce, "A kai su wajen ombudsman ya ɗaure su!" Wani lokaci har mai gabatarwa ya amsa da "ƙwarai kuwa". Wannan yana ci mini rai, domin ombudsman ba ya ɗaure kowa.

Tsarin daga Suwidin ya fito a 1809: jami'i mai zaman kansa da ke sauraron koken talaka a kan ma'aikatan gwamnati. A nan Ghana hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da tabbatar da adalci a ayyukan gwamnati, wato CHRAJ, ce ke riƙe da aikin tun 1993, bisa tsarin mulkin 1992, kuma Emile Short ne ya fara shugabantarta.

A ce Hajiya mai waakye a zango ta biya kuɗin izinin kafa kwantena, rasit na ƙulle a gefen zaninta, amma wata safiya aka ɗauke kwantenar. Ta yi ta zarya ofis, kullum sai "oga ba ya nan, ki dawo jibi". In ta je CHRAJ ba za ta biya ko sisi ba, ba sai da lauya ba, da baki ma za ta iya faɗin kokenta a rubuta mata. Sai hukumar ta aika wa ofishin takarda: wa ya ba da umarnin, da wace doka, ina fayil? Ma'aikacin da ya saba korar mutane da hannu dole ya amsa a rubuce, ya sa hannu. A ganina ƙarfin abin duk a nan yake. Daga nan a zaunar da su a nemi sulhu, sau da yawa maganar a nan take mutuwa. In an ƙi, hukumar ta fitar da hukuncinta da shawarwari, in wata uku ya wuce ba a bi ba tana da ikon zuwa kotu ta nemi a tilasta.

Masu kururuwar ɗauri ba sa gaya wa Hajiya abin da zai cuce ta: in ta bari wata 12 ya wuce, hukumar na iya ƙin karɓar koken, in kuma ta riga ta shigar da ƙara kotu, ba za ta taɓa shi ba.