Keken haya mai lantarki

Keken haya mai lantarki keke ne mai ƙaramin inji da batir, wanda kamfani ko hukumar birni ke ajiyewa a bakin titi domin mutum ya hau na ɗan lokaci ya biya ta wayar hannu. Injin yana ƙara wa mai tuƙi ƙarfi ne yayin da yake taka feda, kuma a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce ya daina taimakawa idan gudu ya kai kilomita 25 a sa'a. Wasu kekunan ana mayar da su tasha ta musamman, wasu kuma ana kulle su a bar su inda tafiya ta ƙare. Yawancin ƙorafin da ake yi a kan nau'i na biyu ne.

Tarihi

Ana danganta asalin tsarin ga birnin Amsterdam a 1965, inda matasan ƙungiyar Provo suka shafa wa wasu kekuna farin fenti suka bar su a titi ba kwaɗo, kowa ya hau. Ba a daɗe ba 'yan sanda suka kwashe su. Kopenhagen ta gwada nata a 1995, inda ake saka kwabo a cire keke, a karɓi kwabon idan an dawo da shi. Da yake ba a san wanda ya ɗauka ba, sata ta yi yawa. Daga nan aka koma ga katin banki da rajistar suna. Paris ta buɗe nata tsarin mai suna Vélib' a 2007, Landan ta bi baya a 2010. Duk da rajistar, rahotannin wajajen 2009 sun ce dubban kekunan Vélib' sun ɓace ko an lalata su.

Kamfanonin China, musamman Ofo da Mobike, su suka yaɗa keken da ba ya buƙatar tasha daga wajajen 2015. Gasar neman kasuwa ta sa suka zuba miliyoyin kekuna a birane, har hukumomi suka riƙa kwashewa suna jibgewa a filaye, tuli kan tuli. Ofo ya durƙushe a ƙarshen 2018 da kuɗin ajiyar miliyoyin mutane a hannunsa. A daidai wannan lokaci kekuna masu batir suka shigo: Uber, kamfanin hayar mota ta wayar hannu, ya sayi kamfanin kekunan haya na Jump a 2018, sabon Vélib' na wannan shekara ya zo da masu lantarki, kamfanin Lime na Amurka kuma ya bazu zuwa Turai. A Afirka, Marrakesh ta buɗe Medina Bike a 2016, amma na feda ne zalla.

Bin sawun mahaya

Keken da ba shi da tasha yana ɗauke da na'urar GPS da layin sadarwa. Da su kamfani ke gano inda yake, ya san ko batir ya yi ƙasa, ya kuma hana ajiye shi a wuraren da aka haramta. Sai dai na'urar da ke tsaron keke ita ce ke rubuta inda mutum ya tashi da inda ya sauka, da ƙarfe nawa. Ko an cire suna, wanda kullum yake tashi daga ƙofa ɗaya da safe ba shi da wuyar ganewa, haka nan asibiti ko wurin ibadar da yake zuwa.

Takaddama mafi shahara ta faru ne a Los Angeles. A 2018 hukumar sufurin birnin ta fito da tsarin tattara bayanai mai suna MDS, wanda ya wajabta wa kamfanoni miƙa bayanan tafiye-tafiye. Uber ya ƙi bayar da su a daidai lokacin da ake tafiye-tafiyen, aka dakatar da lasisin Jump a 2019. A 2020 ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta shigar da ƙara tana cewa wannan tsari binciken mutane ne ba da izinin kotu ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba birnin gaskiya a 2022, bisa hujjar cewa mahayi da kansa ya miƙa bayanan ga kamfani.

Ɓarna da ajiyar ganganci

Mobike ya janye daga Manchester a 2018 saboda sata da jefa kekuna a magudanan ruwa. A wannan shekara kamfanin oBike ya bar birnin Melbourne na Ostireliya, bayan an tsamo kekunansa da dama daga kogin Yarra. A Landan, wajajen 2023, matasa sun gano dabarar tuƙa keken Lime ba tare da biya ba, har ƙarar ƙas-ƙas da yake yi ta zama sananniya a unguwanni. Waɗanda suka fi shan wahala su ne makafi da masu keken guragu, domin keke mai batir yana da nauyi, idan ya faɗi a hanyar ƙafa ba kowa ke iya ɗaga shi ba. Kamfanoni kan nemi hoton wurin ajiya, su ci tarar mai laifi. Ƙananan hukumomi da yawa na cewa hakan bai wadatar ba.

Batir

Batirin lityom ake amfani da shi, kuma nau'o'i da yawa na ɗauke da ƙarafan kobalt da nikel. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi, inda aka sha samun yara a ƙananan ramukan haƙa. Batirin da ya daɗe a cikin kogi yana iya ruɓewa ya saki ƙarafansa a ruwa, wanda ya fashe ko ya yi zafi kuma yana kama wuta mai wuyar kashewa. A Yulin 2019 kamfanin Lyft ya janye kekunansa masu lantarki daga San Francisco bayan batura sun kama wuta. A 2020, da Uber ya miƙa Jump ga Lime, an niƙe dubban kekuna a Amurka maimakon a bayar da su, abin da ya jawo suka sosai.

Dokar batura ta Tarayyar Turai ta 2023 ta ware wa baturan ƙananan ababen hawa rukuni na kansu, ta kuma nemi a riƙa tattara kashi 51 cikin 100 na waɗanda suka mutu kafin ƙarshen 2028, da kashi 61 kafin ƙarshen 2031.