Daga wasan kara zuwa TikTok: waiwaye kan waƙa da mulki a Damagaram

Duk wanda ya zauna shan shayi a wata fada, wato majalisar hirar samari, a Damagaram tun daga ƙarshen watan Yulin 2023 ya san abin da ke fita daga wayoyin samari. Waƙoƙin kishin ƙasa ne da kiɗan fiyano irin na Kano, ana yabon sojoji, ana yi wa Faransa da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, Allah wadai, amshin kuma ɗaya ne ko'ina: zancen ƙasa ne. Masu barkwanci a TikTok sun sa kaki, 'yan kabu-kabu sun ɗaura tuta a babur. Yaran da aka haifa bayan shekarar 2000 suna ganin yau ne aka fara haɗa waƙa da siyasa. Garin nan kuwa ya daɗe yana yin haka, kuma kusan kowane mulki da aka yi a Nijar sai da ya zo aron bakin mawaƙansa da ƙafafun samarinsa.

Tun kafin rediyo ta shiga gidaje muna da wasan kara. Samari kan ɗebo kara su ƙera bindiga da tabarau da na'urar ɗaukar hoto, sannan a raba muƙamai: wannan sarki, wancan gwamna, ga kumandan, ga tafinta, ga dogarai. Wanda aka ba matsayin shugaban ƙasa zai koyi tafiyarsa da muryarsa da yadda yake ɗaga hannu, ya fito gaban jama'a, wani lokaci ma gaban masu muƙaman na gaskiya, su ma su yi dariya. Fuska biyu gare shi. Girmamawa ce, don ba a kwaikwayon wanda ba kowa ba. Amma kuma ɗan talaka ne ya ari rigar mai mulki na yini guda, kowa ya ga cewa riga ce, ana sa ta ana tuɓe ta. Ni a wurina babu wata al'ada tamu da ta kai wannan koya wa yaro cewa mai mulki mutum ne kamar ubansa.

A gefe guda kuma ga makaɗan fadar Sarkin Damagaram, masu kakaki da algaita da tambari, da mawaƙa irin su Ma'azu Ɗan Alalo. Aikinsu yabo ne, abincinsu daga hannun wanda suke yabo yake fitowa. Suna da zambo da habaici, amma zambon kan faɗa ne kan abokin gabar ubangida. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Wannan lissafin, wato wa ke ciyar da mawaƙi, shi ne zaren da ya ratsa duk tarihin da ke tafe.

Siyasar talakawa ta zamani ta shigo garin ne da Sawaba. Turawan Faransa sun ci Damagaram a 1899, suka mai da ita hedkwatar mulkinsu, sannan a 1926 suka kwashe suka koma Yamai, suka bar garin da jin cewa an juya masa baya. Fuskar Damagaram ta fi kallon Kano, can ake kai gyaɗa da fata, can ake jin labarin NEPU da Malam Aminu Kano. Da Jibo Bakari ya fito da jam'iyyar Sawaba mai alamar raƙumi, mutanen da suka rungume ta a nan su ne direbobi da 'yan tasha, teloli, ƙananan 'yan kasuwa, leburori, da mata masu zaman kansu. Yawancinsu ba su yi lakwal ba, saboda haka ba jarida ce ta kai musu saƙo ba. Kalangu ne da waƙa da hirar cikin mota daga kasuwa zuwa kasuwa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958 Sawaba ta ce a'a ga ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa. Gwamnan Turawa da yawancin sarakuna suka haɗa kai, a'a ta tashi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, aka hana jam'iyyar a 1959. Bayan yunƙurin ɗaukar makami na 1964 an kashe wasu, an cika gidajen kaso da wasu. Daga nan har faɗuwar shugaban ƙasa Jori Hamani, giwar RDA, jam'iyyarsa mai mulki, kaɗai ake wa kiɗa a fili.

Seyni Kunce da ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974 ya fahimci amfanin samari fiye da wanda ya gada. Ya ɗauko samariya, tsohuwar ƙungiyar gayya ta gargajiya, ya mai da ita hannun gwamnati a kowace unguwa da kowane ƙauye. Aka gina gidajen matasa, aka riƙa bikin matasa na ƙasa da gasar rawa da waƙa da wasan kwaikwayo. Ba zan raina wannan zamani ba. A lokacin ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Damagaram, wadda Yazi Dogo ya yi suna a cikinta, ta sa duk ƙasa zaman jiran talabijin, kuma da Hausa tsantsa. An gina azuzuwa da gayya, an shuka itatuwa. Sai dai iyakar filin a shace take. Kana iya yi wa ma'aikaci mai cin hanci dariya, ko boka, ko ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi, ko uban da ya aurar da 'yarsa don kuɗi. Ba ka iya tambayar inda kuɗin yuraniyom ke zuwa, ko dalilin da ya sa wane yake tsare ba shari'a.

Abin da ya fasa wannan shingen ba alherin wani shugaba ba ne. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, Bankin Duniya da IMF suka zo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, 'yan makaranta da ƙungiyoyin ƙwadago suka fito titi. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy a Yamai. Taron ƙasa na 1991, wanda ɗan garin nan André Salifou ya jagoranta, ya buɗe ƙofar jam'iyyu, a 1993 kuma wani ɗan garin, Mahaman Usman na CDS-Rahama, ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Waɗanda suka ga wannan lokacin suna tuna yadda kaset-kaset na waƙoƙin jam'iyya suka cika Zango da Birni da Sabon Gari, mata suna anko, ana guɗa. Murnar ba ta jima ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, albashi ya riƙa makara wata da watanni, a Janairun 1996 Bare Mainasara ya kifar da gwamnatin.

A cikin wannan ƙuncin fada ta yaɗu, kuma da yawa na cewa daga Damagaram ta fara kafin ta kai sauran garuruwa. Ku lura da sunan: samarin da ba su da aiki, ba su da kuɗin aure, ba su da ɗaki, suka shimfiɗa tabarma a bakin titi suka kira wurin da sunan majalisar sarki. Jikar wasan kara ce. A kan tabarmar nan aka saurari gidajen rediyo masu zaman kansu da suka fara buɗewa, aka kalli finafinan Kano da na Indiya, aka kuma koyi rap. Iyaye sun tsani wandunan da kitson, amma wanda ya kasa kunne ya ji abin da yaran ke faɗa da Hausa da Zabarmanci: shekarar karatu da ta tafi a banza, malamin kwantiragi da ba a biya ba, mai digiri da ke tuƙa kabu-kabu, yarinyar da aka cire daga aji aka aurar. Shi ne karo na farko tun bayan Sawaba da waƙa ta yi magana kan talauci ba tare da ta durƙusa gaban wani ba. Dalilin a fili yake, ba wanda ke ciyar da su. Lokacin da ƙungiyoyin farar hula suka rufe garuruwa a 2005 kan harajin da aka ɗora wa kayan masarufi, irin waɗannan yaran ne suka cika tituna. Daga baya ƙungiyoyin agaji da kamfanonin waya suka gano amfaninsu, suka fara biyan kuɗin waƙar faɗakarwa da ta talla, kaifin ya ragu.

A watan Oktoban 2008 shugaban ƙasa Tanja Mamadu ya zo aza harsashin matatar mai, kuma a wurin wannan biki ne kiran tazarce ya fito fili, da riguna da kiɗa. Ƙarshen tazarce kowa ya sani: juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010. Matatar SORAZ ta fara aiki a ƙarshen 2011, kimanin kilomita 50 arewa da gari kan hanyar Tanut, tana iya tace ganga dubu 20 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, kashi 40 na gwamnati. Samarin garin sun ɗauka aiki ya zo. Abin da ya samu yawancinsu shi ne kwalaben ruwa-ruwa a bakin titi, man da ake satar shigowa da shi daga Nijeriya cikin dare, a kan babur, da ran mutum a hannunsa. A wannan tsakanin sunan 'yan pale ya cika gari: samari masu ɗaga ƙarfe, masu sunayen da suka aro daga finafinan Amurka, masu faɗa da adda tsakanin unguwa da unguwa. Fim ɗin da 'yar garin nan Aïcha Macky ta fitar a 2021 kan unguwar Kara-Kara ya nuna wa duniya abin da mu muka sani muke kau da kai, cewa unguwar da aka ware wa kutare da waɗanda aka ƙi ita ce ta haifi yaran da ake tsoro. 'Yan siyasa kuwa sun san hanyar zuwa wurinsu duk lokacin kamfe, da 'yan jakunkuna da riga mai hoton ɗan takara.

A nan dole mai ra'ayin talakawa ya faɗi gaskiya ko da a kan gidansu ne. PNDS-Tarayya da ta riƙe mulki daga 2011 zuwa 2023 jam'iyya ce da ke kiran kanta ta gurguzu, manyanta sun fito ne daga gwagwarmayar ɗalibai da ta ƙwadago. A zamaninta ne sansanonin sojan Faransa da na Amurka suka kafu suka faɗaɗa, a zamaninta aka ɗaure jagororin farar hula a 2018 saboda sun yi zanga-zanga kan dokar kasafin kuɗi. Waƙar siyasa ta koma kwangila: a je situdiyo, a jera sunayen masu kuɗi, a karɓi mota. Fushin da bai sami mai yi masa jagora ba kuwa ya ɓalle ta inda bai dace ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa da tafiyar shugaban ƙasa Isufu Mahamadu jerin gwano a Paris, aka ƙone cibiyar al'adun Faransa da Nijar da ke garin, aka ƙone coci-coci, aka rasa rayuka. Zafin zuciyar mutane na gaske ne. Amma waɗanda suka biya kuɗinsa maƙwabtanmu ne Kiristoci, talakawa irinmu, da ɗakin karatu da dandalin da yaran garin ke hawa su yi wasa. Har yau abin na ci mini rai.

Saboda haka da sojoji suka tsare shugaban ƙasa Bazum ranar 26 ga Yulin 2023, ƙasar a shirye take da waƙar. Takunkumin CEDEAO ya ƙara mata wuta: an rufe iyaka, Nijeriya ta yanke lantarki, magani da shinkafa suka yi tsada, kuma ba janar ko minista ne ya kwana da yunwa ba. Garin da rabin danginsa ke Daura da Kano ya ji wannan a jikinsa. Ni ma na yi murna ranar da sojan Faransa na ƙarshe ya bar ƙasar a Disamban 2023, don a'ar da Sawaba ta faɗa a 1958 ce ta dawo bayan shekara 65. An rage kuɗin litar mai zuwa sefa 499 a 2024, an rage kuɗin asibiti, an mai da kamfanin yuraniyom na SOMAIR hannun ƙasa a 2025, an kuma ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga ɗan Damagaram.

Amma a cikin shekarun nan dai aka dawo da hukuncin ɗauri kan abin da mutum ya rubuta ko ya yaɗa a intanet, a watan Yunin 2024. An dakatar da RFI, an dakatar da BBC na wata uku, an rusa jam'iyyun siyasa duka a Maris ɗin 2025. Moussa Tchangari, wanda ya yi shekaru yana adawa da sansanonin sojan ƙetare tun lokacin da faɗin haka ke kai mutum kaso, an kama shi a farkon Disamban 2024. Mawaƙi da mai barkwanci suna ganin duk wannan, suna kuma auna bakinsu. Filin ya sake zama irin na zamanin samariya: zagin na nesa halal ne, tambayar na kusa kuwa sai mai ƙarar kwana. Ban ga wani yaro a TikTok ya ɗaura kara ya kwaikwayi tafiyar wani babba na yau ba, abin da kakanninsa suka yi a gaban masu mulkin zamaninsu.

Ga kuma ruwa. Tun zamanin Turawa ƙishirwa ke cikin dalilan da aka bayar na ɗauke hedkwata daga garin. An janyo ruwa daga Gogo, an haƙa rijiyoyin Arunguza, an ƙara na Ganaram, an yi bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, a nan a 2006 da 2018 da fitilu da sababbin tituna. Duk da haka, in bazara ta yi, unguwanni na kwana da kwanaki famfo bai ɗiga ba, yara mata na barin aji su bi layin jarka tun asuba. A bazarar da ta wuce na tsaya sayen ruwa wurin wani ɗan ga-ruwa, ya jingina kurarsa yana share gumi, wayarsa a aljihun gaba tana rera zancen ƙasa ne. Na tambaye shi daga ina ya turo. Ya ambaci wata unguwa da ke can ƙarshen gari, ya ce zuwansa na huɗu ke nan tun safe, kuma bai karya ba.