Shin maganin ganye na ƙara ruwan nono ba ya taɓa hanta?

An daɗe ana cewa maganin ƙara ruwan nono, tunda daga tsiro aka samo shi, ba zai cutar da mai jego ba. Masu faɗin haka alheri suke nufi, amma hanta ba ta tambayar asalin abin da aka sha, domin ita ke sarrafa kusan duk sinadarin da ya shiga jini daga hanji.

Hulba, wadda aka fi sha don wannan buƙata, ba a san ta da lalata hanta ba idan an sha ta daidai kima. Abin tsoron shi ne gauraye-gauren da ake zubawa a kwalba ko kafso. Wasu tsirrai na ɗauke da guba mai suna firolizidin, wadda ke toshe ƙananan hanyoyin jini na hanta, kuma tana iya bin nono ta kai ga jariri. Kurkum mai ƙarfi, musamman wanda aka haɗa da sinadarin masoro, shi ma ya jawo wa wasu ciwon hanta.

Ki karanta jikin kwalbar. Idan ba a lissafa abubuwan da ke ciki da yawansu ba, ki ajiye ta. Idan idonki ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko jiki ya kama ƙaiƙayi, ki daina sha ki nemi gwajin jinin hanta. Abin da ya fi ƙara nono kuwa shi ne yawan shayarwa, sau 8 zuwa 12 a kwana guda.

Don Allah a tura wannan bayani ga masu shayarwa.