Waiwaye: Yadda Jiran Lasisin Ƙaramar Bindiga Ya Zama Abin Shari'a a Amurka

A jihar Teksas, duk wanda ya cika takardun neman lasisin yawo da ƙaramar bindiga, doka ta bai wa Hukumar Tsaron Jama'a ta jihar kwana 60 ta ba shi ko ta gaya masa dalilin hana shi. A Illinois kwana 90 ne idan ya bayar da zanen yatsunsa, 120 idan bai bayar ba. A New York wata shida ne. Waɗannan wa'adodi ba da daɗin rai aka rubuta su ba, bayan an shafe shekaru da dama ana jan igiya tsakanin mai nema da mai bayarwa aka same su.

A farkon ƙarni na 19, Amurkawa ba su ɗauki ɓoye makami a matsayin 'yanci ba, abin kunya ne a wurinsu. Mutumin kirki ya rataya bindigarsa kowa ya gani, wanda ya cusa ta cikin riga kuwa ana yi masa kallon mai shirin cin amana. Kentucky da Louisiana sun haramta hakan tun 1813, wasu jihohin suka bi sahu. Teksas, wadda duniya ke yi wa kallon ƙasar 'yan bindiga, ta hana yawo da fistol a 1871, a fili ko a ɓoye, in ban da wasu 'yan keɓantattun yanayi kamar na matafiyi, kuma haramcin ya wuce shekara 120 yana aiki.

Tsarin lasisi irin wanda aka sani yau ya kafu ne a New York a 1911, da dokar da ake kira da sunan Timothy Sullivan, ɗan siyasar da ya kai ta majalisa. A 1913 aka ƙara mata sharaɗin da ya zama tushen rikici: sai mai nema ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili. Wa zai auna ƙwarin dalilin? Jami'in da ke bayan tebur. Kalifoniya ta ɗauki irin wannan tsari a 1923, jihohi da dama suka kwaikwaya. A takarda abin ya yi kyau, amma duk inda aka bar wa mutum ɗaya ikon cewa e ko a'a ba tare da ma'auni ba, an san abin da ke biyowa. A 1956, bayan an jefa bam gidansa a Montgomery, Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ya nemi lasisi a Alabama aka hana shi, duk da cewa da wuya a sami wanda dalilinsa ya kai nasa ƙwari a garin. Shekara 60 bayan haka, a 2016, aka bankaɗo cewa wasu jami'an sashen lasisi na 'yan sandan birnin New York na karɓar na goro daga dillalai suna sa hannu a takardun masu kuɗi, talaka kuwa yana layi.

Fulorida ce ta juya akalar a 1987. Dokarta ta ce idan mutum ya kai shekara 21, ba shi da tarihin babban laifi ko taɓin hankali, ya kuma yi horo, to hukuma ba ta da zaɓi, dole ta ba shi. Ba ita ce ta fara ba, jihar Washinton na da irin wannan tun 1961, amma ta Fulorida ce ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta ɗauka tana tallatawa jiha-jiha.

A Teksas sai da jini ya zuba. Ranar 16 ga Oktoba, 1991, wani mutum ya kutsa da motarsa cikin gidan cin abinci na Luby's a garin Killeen, ya harbe mutum 23 har lahira. Cikin waɗanda suka tsira akwai Suzanna Hupp, wadda aka kashe iyayenta duka biyu a wurin. Tana da bindiga, amma ta bar ta a mota don tsoron karya doka. Shaidar da ta yi ta bayarwa gaban 'yan majalisa ta yi tasirin da ƙididdiga ba ta yi ba. Gwamnar jihar, Ann Richards, ta hau kujerar na-ƙi kan batun ba da lasisin a 1993, ta faɗi zaɓe a 1994, George W. Bush da ya gaje ta ya sa hannu a dokar a 1995, aka fara yawo da lasisi ranar 1 ga Janairu, 1996.

Sharuɗɗan farko ba su da sauƙi: dala 140, zaman aji na awa 10 zuwa 15, jarrabawa a rubuce, sannan a je filin harbi a harba harsashi 50 daga tazarar yadi 3, 7 da 15, a ci aƙalla kashi 70 cikin ɗari. Daga nan sai jira. A cikin kwanakin jiran ne ake tura zanen yatsu ga hukumar FBI, a bi kotunan gundumomin da mutum ya taɓa zama, a duba ko an taɓa kama shi, ko kotu ta taɓa hana shi kusantar matarsa. Tsohuwar tuhumar da ba a rubuta yadda ta ƙare ba ta isa ta maƙale takarda, domin doka ta yarda a ƙara wa'adin idan ana buƙatar ƙarin bayani. Wannan jira yana da amfani, ni dai ban ga laifinsa ba, domin aiki ake yi a cikinsa kuma an san ranar ƙarewarsa. Daga baya aka yi ta sassautawa: horo ya koma awa 4 zuwa 6 a 2013, kuɗi ya sauka zuwa dala 40 a 2017, a Satumban 2021 kuma aka ce ɗan shekara 21 da doka ba ta hana shi mallakar bindiga ba zai iya yawo da ita ko ba lasisi. Jihohi 29 ne ke kan wannan tsari zuwa 2024. Duk da haka mutane na ci gaba da neman lasisin a Teksas, saboda wasu jihohin na amincewa da shi, kuma sai da shi ake shiga harabar jami'a da bindiga.

Ko dokokin irin na Fulorida, masu tilasta wa hukuma ba da lasisi, sun rage laifi? Masana tattalin arziki John Lott da David Mustard sun ce sun rage, a binciken da suka fitar a 1997. John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun gano akasin haka a 2019, cewa laifukan da ake amfani da ƙarfi a cikinsu sun ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma. Yawancin binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga na biyun, sai dai ba shi ne ya yanke maganar ba, kotu ce. Illinois, jiha ta ƙarshe da ke hanawa gaba ɗaya, kotu ce ta tilasta mata buɗe ƙofa a 2013. Ranar 23 ga Yuni, 2022, a shari'ar Bruen, alƙalai 6 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka soke sharaɗin ƙwaƙƙwaran dalilin nan na New York, bayan ya shekara 109.

A cikin hukuncin, Mai Shari'a Clarence Thomas ya saka wani ɗan gajeren bayani a ƙasan shafi: ana iya neman lasisi da bincike da horo, amma idan aka yi amfani da dogon jira ko kuɗi mai yawa aka toshe wa jama'a hanya, to ƙofar ƙara a buɗe take. Ya hango abin da zai faru. New York ta yi sabuwar doka cikin kwana takwas, ta wajabta awa 16 a aji da 2 a filin harbi, da mutum huɗu masu shaidar hali, ta kuma jera wuraren da ba a shiga da bindiga, har da dandalin Times Square. Masu nema suka yi dafifi a ofisoshin da a da ba sa ganin kowa, ma'aikata kuwa ba su wadatar ba. Wani wurin ƙarancin hannu ne da gaske, wani wurin kuwa jinkirin ya yi wa hukuma daɗi, tunda wanda aka ce wa a'a yana da takardar da zai kai kotu, wanda aka ce wa "ana kan dubawa" ba shi da komai a hannu.

A gundumar Los Angeles, wata kotun tarayya ta gano mutane biyu sun kai wata 18 suna jira, alhali dokar Kalifoniya kimanin wata huɗu ta ɗiba. A watan Maris na 2025 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fara binciken ofishin shugaban 'yan sandan gundumar, a ƙarshen Satumba ta maka shi a kotu kan jinkirin.