Takalmin da Ruwa Ba Ya Ratsawa Bai Dace da Kwazazzabo Ba

An daɗe ana ɗauka cewa mai shirin ratsa kwazazzabon dutse mai ruwa dole ya sayi takalmi mai tsada wanda ruwa ba ya ratsawa, irin mai shafin Gore-Tex. Wannan kuskure ne. A kwazazzabon Narrows da ke gandun Zion a jihar Utah ta Amurka, inda kogin Virgin kansa shi ne hanya, ruwa yakan kai gwiwa ko ƙugu, don haka ta bakin takalmin yake kwarara ciki. Shafin da aka yi domin hana shi shiga shi ne kuma yake hana shi fita, sai takalmin ya yi nauyi, fatar ƙafa ta jiƙe har ta sale.

Abin da ya dace shi ne takalmi mai rufe yatsu, mai kafofin fitar ruwa, wanda robar tafinsa take da laushin kama jiƙaƙƙen dutse, tare da safar roba irin ta masu nutso saboda sanyi. Game da ƙarko kuwa, yashi yana cin ɗinki da manne komai tsadar takalmi, shi ya sa nake ganin mai matsakaicin farashi ya fi, muddin ɗinkinsa yana da ƙwari.